Ranar da Na Yi wa Honarabul Sitaci

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a GRA ba. Kuma tun yanzu in faɗa: har gobe ban yarda na yi kuskuren kaya ba. Ruwa ne ya ci amanata.

Ni dillalin gari ne da hatsi. Da mudu ɗaya na fara a bakin Ƙofar Guga, har Allah Ya kai ni ga rumfa da sito. Ban yi boko mai nisa ba, amma ina da harshe. Kawo mini gari in dangwala in lasa, zan gaya maka na bana ne ko na bara, an surka shi ko ba a surka ba. Da wannan harshen nake cin abinci, kuma saboda shi ba a musu da ni a kasuwa.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, 'yan siyasa sun fara tumbi. Nawa ya riga nasu (ni da gumina na tara shi). Likita ya ce in rage, sai Honarabul Sada, abokina tun ƙuruciya wanda ya zama kansila, ya ja ni cikin ƙungiyarsu ta masu gudun safe. Mu tara ne. Mai horar da mu Saja Ilu, tsohon soja ne da ya yi ritaya amma muryarsa ba ta yi ba.

Da mun gama gudu mun tsaya ƙarƙashin darbejiya muna haki, sai Honarabul ya buɗe bayan mota ya fito da wani gwangwani da aka kawo masa daga waje. Ya ɗebi farin gari ya kaɗa a gora, kowa ya miƙa kofi. Saja ya ce in jiki ya ƙone ƙarfinsa, yana son abin da zai shiga jini da sauri ya mayar. Shi gulukos ya sani tun a soja, wasu sun fi son ayaba, amma gwangwanin ya fi kwarjini, har ana maganar a yi odar kwali guda.

Ni ban sha ba. Na dangwala na lasa.

"Wanga ai sitaci ne da sukari," na ce. "Buhu-buhu gare ni a sito."

Honarabul ya ce, "Alhaji, tsaya kan geronka. Wanga kimiyya ce."

"Kimiyyar mi? Harshena bai taɓa yi man ƙarya ba."

Saja ya juya gwangwanin ya karanta, ya ce lallai da masara aka yi shi, amma an sarrafa shi. Ni "masara" kawai na ji, sauran ya wuce ta bayan kunne. Nan take na ɗaga hannu gaban kowa: ranar Asabar zan kawo nawa haɗin, in bai kai wannan ba, kada wanda ya ƙara kawo mini gari in lasa. Aka dakatar da odar.

Kwana uku ina gwaji a rumfa. Gero ya yi nauyi. Garin masara yana kwanciya gindin kofi. Da na zo kan sitacin rogo sai na gan shi fari tas, laushi kamar hoda, sak na gwangwani. Na ƙara sukari, da ɗan gishiri, da citta don ya fi nasu. Na gwada da ruwan randa: ba laifi, sai dai gafin ɗanyen gari. Na ce tafasasshen ruwa zai kashe wannan.

Ranar Asabar da na dawo masallaci na miƙa wa maiɗakina Hajiya Rabi ƙullin, na ce ta dama da ruwan zafi ta cika babban filas ɗin nan mai faɗin baki.

Ta murza garin a yatsa. "Alhaji, wanga ba shi mai wanki ke sa ma manyan rigunanka ba?"

"Wa ke saida gari, ni ko ke?"

"Kai ne, Alhaji." Ta ɗora tukunya. (Duk magidancin da matarsa ta yarda da shi da sauri haka, ya tsaya ya yi tunani. Ni ban tsaya ba.)

Muka yi gudunmu, filas yana jira a mota. Da muka dawo, mutum takwas suka kewaye ni da kofuna. Sai da na yi jawabi. Na yi magana kan albarkar ƙasarmu, da yadda muke raina abin gida. Ina magana ina kallon fuskokinsu na kwance murfi, na karkata filas kan kofin Honarabul.

Ba abin da ya fito.

Na ƙara karkatawa. Shiru. Saja ya ce, "Ko ya tsaya jin ƙarshen jawabi ne?"

Raina ya ɓaci, na kifa filas gaba ɗaya na daki gindinsa da tafi. Sai ga abin ya sulalo a dunƙule, da siffar filas ɗin cif, ya ture kofin ya sauka kan sabon farin takalmin kambas ɗin Honarabul. Bai fashe ba. Ya zauna nan yana rawa, yana ƙamshin citta.

Wani darakta da ke cikinmu dariya ta zaunar da shi a ƙasa. Honarabul ya ɗaga ƙafa, abin ya biyo shi.

Mai hankali a nan zai ba da haƙuri. Ni na zura hannu cikin filas, na yakito abin da ya rage, na ce, "Kauri ba aibi ba ne. Ku duba." Na cika baki da shi.

Jama'a, ya ƙi taunuwa, ya ƙi haɗiyuwa. Ya manne a dasashi, ya riƙe harshen da nake taƙama da shi. Ina so in ce "da daɗi", abin da ke fita sai gurnani. Idona ya fara ruwa. Saja ya dinga dukan bayana kamar ya kama ɓarawo, yana cewa a kawo ruwa. Ruwan da ke kusa kuwa ɗaya ne: gorar Honarabul, da garin gwangwani a ciki. Da hannunsa ya miƙo.

"Sha kimiyya, Alhaji."

Na sha. Na shanye. (Kuma tunda gaskiya nake faɗa, abin akwai daɗi.)

Kafin azahar labari ya riga ni kasuwa. Maƙwabcin rumfata ya aiko da hularsa, wai a sa mata kaɗan ta tsaya. Suna jira in ɓuya. Ranar Litinin ni na fara isa GRA, da dabino bakwai a aljihu da gorar ruwa, kuma su nake sha bayan gudu har yau. Suka yi odarsu ta gwangwani.

Honarabul ya tuna mini alkawarina. Na ce, "Cewa na yi in bai kai naku ba. Naku sha ake, nawa sai an tauna. Wa ya fi wani?" A cikin makon nan, wani ya kawo mini buhun gari, na lasa na ce an surka da na bara, aka bincika haka ne.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma ba zan ƙara a kai ba. Harshe yana gaya maka mene ne abu. Abin da zai zama in ya ji wuta, mai tukunya ce ta sani. Yanzu nakan tambaye ta. Amma sai na tabbata ba kowa a tsakar gida.