Layi Biyu da Na Kashe wa Madam Ngozi

Akwai wata Laraba a ƙarshen zangon karatu na 1998 da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da yake na gwada. Lokacin na yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, na dawo gida Kafanchan da harsuna biyar a baki da kuma kwas na wata tara da na taɓa yi a Jamus kan na'urorin sigina. A can na koyi rubuta wa kwamfuta umarni. Don haka da makarantar sakandaren cocinmu ta sami kyautar kwamfuta guda ɗaya, kwamiti ya ce in riƙa leƙawa ina ba da shawara. (Shawara aka ce. Ba wanda ya ce in taɓa wani abu.)

Mai kula da kwamfutar malamar lissafi ce, Madam Ngozi, 'yar wani direban jirgi da muka yi aiki tare, a nan garin aka haife ta. Wata biyu ta yi tana rubuta shirin kwamfuta da zai buga katin sakamakon kowane ɗalibi. Ran Juma'a za a rufe makaranta, iyaye za su zo har daga Manchok su karɓi kati, ita kuwa ta yi wa firinsifal alkawari a gaban kowa cewa bana babu malamin da zai cika kati da hannu.

Ran Talata ta tafi aji ta bar ni a ofis. Na lura editan, wato manhajar da take rubuta shirin a ciki, yakan tsaya cik duk bayan minti biyu, injin ya yi gurnani, sannan ya ci gaba. Na bincika na ga wani ɗan ƙari ne ta jona wa editan, yana da nasa fayil na saiti. Layi biyu ne ke jawo gurnanin. Ɗaya ya ce a adana aiki duk minti biyu. Ɗaya ya ce kafin a adana sabo, a ajiye kwafin tsohon a gefe.

Na yi murmushi irin na wanda ya ga duniya. Malaminmu a Jamus yakan ce ƙwararre da hannunsa yake adana aikinsa, ba ya barin inji ya katse masa tunani. A Indiya ma da na je taro, haka na ga suna yi. Na kashe layukan biyu. Na ga tsofaffin kwafi sun taru sun cika wuri, na share su tas. Sannan na yi abin da aka hore mu a kai: duk wanda ya canza saiti, ya rubuta dalili da sunansa da kwanan wata a ƙasa. Na rubuta, na tafi gida da niyyar in gaya mata gobe, ta gode mini.

Washegari ban iso ba sai wajen sha biyu. Tun safe take gyaran ƙarshe, ba ta adana komai ba, don a saninta ɗan ƙarin nan yana yi mata. Na tarar da firinsifal, Mista Bulus, da malamai huɗu tsaye a bayanta, za a buga katin farko. Ta danna ta adana. Injin ya fara rubutawa ke nan aka ɗauke wuta.

Ko a jikinta. "Kar ku damu, Sa. Akwai kwafi."

Aka ta da janareta. Ta buɗe shirin, babu komai sai tarkacen alamomi. Ta nemi kwafi, wayam. Wanda ke kan faifanta na jaka kuwa tun wata guda da ya wuce ne, ko rabin aikin bai kai ba.

A nan ya kamata in yi shiru, ko in faɗi gaskiya. Ban yi ko ɗaya ba. Na gyara murya na ce, "Matsalar injinan da ake ba mu kyauta ke nan. Abin da suka gaji da shi a can shi suke turo mana." (Har na ƙara da kalmar Jamusanci guda ɗaya, don ta yi nauyi.)

Madam Ngozi ta juya ga injin. Ta buɗe fayil ɗin saiti, ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta karanta a fili, a hankali, kamar mai karanta sanarwa a coci: "An kashe waɗannan biyu, ba su da amfani, ɓata lokaci ne." Ta karanta kwanan watan jiya. Ta karanta sunana, har da Injiniya a gabansa.



Mista Bulus ya cire tabarau ya goge. "Baba, in tambaye ka. A Jamus ɗin, suna ɗauke wuta?"

Na ce a wata tara ban gani ba.

"To," in ji shi. Ya mayar da tabaraunsa.

Ita kuwa ta juyo ta ce, "Baba, babana yana cewa rubutunka ya fi na kowa kyau a reluwe. Gaskiya ne?" Na ce haka mutane ke faɗa. Ta miƙo mini biro da katunan aji ɗaya, ajin da ya fi kowane yawan yara.

Kwana biyu muka yi muna cika kati da hannu, ni da malaman da aka yi wa alkawarin hutu. Ba wanda ya zage ni. Malamin tarihi ne kawai duk sanda ya gama kati sai ya ɗaga shi ya ce, "Baba, in adana, ko ɓata lokaci ne?"

Mun gama da safiyar Juma'a, iyaye na bakin ƙofa. Wani dattijo daga Manchok ya karɓi katin jikarsa, ya juya shi, ya dube ni ya ce, "Ashe kwamfutar taku rubutun 'yan reluwe yake yi."

Tun daga ranar, in na ga wani ya sa wani abu a inda nake ganin ba ya da amfani, nakan fara tambayarsa me yake tsoro. Yawanci abin da yake tsoron yana nan garin, ni ne dai na yi tafiya na manta.