Inuwar Darbejiyar Alhaji Ruwan Sanyi

Duk Kaduna ta Arewa babu mai kashe wutar rigima irin Alhaji Isiyaku, Mataimakin Darakta mai kula da ma'aikata a wata ma'aikatar gwamnati. Babu shakka a wannan magana, domin daga bakinsa muka ji. Shi ya raɗa wa kansa suna Ruwan Sanyi. Takardun shaidar kwas ɗin sasanta ma'aikata guda bakwai ne a bangon ofishinsa, kowace da gilashinta, kuma sai an goge su kafin a share ƙasa.

Mutum ne mai yafiya. Abu ɗaya kawai ba ya yafewa: inuwar darbejiyar bakin ofis, inda yake ajiye motarsa. Bara waccan, wata ma'aikaciya, Malama Nafisa, ta dawo daga asibiti a gurguje, ta ajiye tsohuwar motarta a wurin. Awa biyu kacal. Alhaji bai yi faɗa ba, Allah ya kiyaye, faɗa na marasa ilimi ne. Fayil ɗin ƙarin girmanta kawai ya ɗauka ya kwantar a ƙasan durowa. Shekara biyu yana kwance. Waɗanda ta koya wa aiki duk suka wuce ta. In ta gaishe shi, agogo yake dubawa.

Sai wata makarantar 'yan mata a Kawo ta gayyace shi ranar zaɓen sana'a. Ya zo cikin babbar riga mai sitaci, ya ƙi fara magana sai da aka sake kiran muƙaminsa daidai. Ya tambayi ɗalibai abin da suke son zama. Wata ta ce likita, ya ce, "Jini da wari." Wata ta ce tuƙin jirgin sama, ya ce ta fara iya keke tukuna.

"Aikin da ya fi kowane aiki shi ne riƙe mutane," in ji shi, yana dafa ƙirji. "Shekara ashirin da takwas ina aiki, ban taɓa kwana da kowa a zuciyata ba. Ku tambaya!"

Wata 'yar aji biyar, Mardiyya, ta ɗaga hannu. Ta ce ita irin aikinsa take so. Alhaji ya yi murmushi har haƙorin Makka ya fito, ya ce a miƙa wa wannan haziƙa lasifika.

"Ranka ya daɗe, in ma'aikaciya ta ɓata wa shugabanta rai sau ɗaya, kan ƙaramin abu, sai ya ɓoye fayil ɗin ƙarin girmanta shekara biyu, ya ake yi da shi?"

Ko kusa bai ga kansa a tambayar ba. A wajensa inuwa ba ƙaramin abu ba ce.

"'Yata, wannan ba shugaba ba ne, ƙaramin mutum ne! Azzalumi! Da a ƙarƙashina yake, a tsaye zai sa hannu, sannan ya ba ta haƙuri gaban jama'a. Ku ɗauka a waya, ku yaɗa, ni na faɗa!"

Malamai suka ɗauka kuwa.

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Mardiyya. "Sunan mahaifiyata Nafisa. Tebur ɗinta na kallon ƙofarka."

Ruwan Sanyi ya nemi ruwa. Ya sha, ya duba agogo, ya tuna yana da taro.

Kafin Litinin bidiyon ya zaga wayar kowa a ma'aikatar, har ta Babban Sakatare, wanda ya aika a kawo masa fayil ɗin tare da mai durowar. Alhaji ya sa hannu. A tsaye, domin ba a nuna masa kujera ba. Haƙurin ma ya bayar, yana kallon silin. Malama Nafisa ta samu matakinta. Mardiyya kuwa ta koma ta rubuta lauya a takardar zaɓen sana'arta.

Amma kada a zaci gwanin sulhu ya zauna haka nan. Ranar Laraba ya fitar da sanarwa cewa bayan dogon nazari ya gano tushen rikicin, kuma don kada a sake, ya ba da umarni a sare darbejiyar.

An sare. Yanzu motarsa a tsakiyar rana take wuni, da hankici yake kama sitiyari in an tashi aiki. Ya kuma ƙara wannan cikin jerin rigingimun da ya sasanta.