Ranar da Injina Suka Kawo Hari Watari

Finafinan da injina ke ƙwace duniya sun shiga raina, har wa’azi nake wa mutanen ƙauyenmu a kansu.

Wata rana ina ban ruwa a gonar albasa, sai ga wani abu yana ƙugi a saman kaina. Na kurma ihu, “Jama’a, sun iso!” Na yi tsalle na faɗa magudanar ruwa, ni mai ’ya’ya biyar.

Baba Sale, maƙwabcin gonata, ya leƙo. Ya ce, “Fito, Malam. Ɗan ƙaramin jirgin mai hoto ne, angwaye yake ɗauka a bakin dam.”

Ashe har da ni ya ɗauka. Har yau in jirgi ya wuce, matata takan tambaye ni a natse ko ta kwashe yara.