Kayan Dajin Janar Sharhabil

"Ni fa daji ɗakina ne," in ji Sharhabil, yana bugun ƙirji. "Ku ba ni ashana ɗaya, in ciyar da bataliya!"

Ka ji shi ko? To wallahi, mutumin nan iyakar dajin da ya sani shi ne ciyawar bayan gidansu a Kurmin Mashi. Amma saboda wata tsohuwar hular soja da ya gada wajen kawunsa, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kwalejinsu suka laƙaba masa Janar, shi kuma ya amsa da gaske.

Malam Barnabas, mai koyar da su wasa, ya ce za su yi zangon kwana biyu a gindin wani dutse a bayan gari, su ɗanɗani rayuwar maharba. Wanda ya fi nuna ƙwarewa, shi zai fito a Sarkin Baka a wasan ƙarshen shekara. Janar kuwa ya riga ya gaya wa duk unguwarsu cewa shi ne Sarkin Baka, har ya fara tara gemu.

Nan take ya karɓe aikin haɗa kaya. Harira, mai riƙe da mabuɗin siton ƙungiya a Hayin Banki, ta ce, "Janar, ka kula fa, kayan tafiya suna hannun dama, na hannun hagu kuwa..."

"Ke! Kifi za ki koya wa iyo? Miƙo mabuɗi."

Ya shiga sito shi kaɗai. Ya taɓa wani buhun shinkafa a dama, buhu ya ce ba inda za ni. Ya juya hagu, ya sa hannu ɗaya, sai ga buhu ya taso sama kamar matashin kai.

"Allahu Akbar," ya ce, yana shafa damtse. "Ashe motsa jikin nan ya fara aiki!"

Sai ya kwashe na hagu kaf, tanti da tukunya da gatari da burodi, ya ƙulle a manyan jakunkuna, ya ce duk wanda ya taɓa sai ya yi tsallen kwaɗo.

Da safe a Kawo, wajen shiga mota, ya hangi Harira da 'yar jakarta.

"Mene ne a ciki?"

"Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, ashana, da babbar leda."

Janar ya yi dariya har hula ta faɗi. "Jama'a, ku zo ku ga guzurin 'yar firamare!"

Wajen hawan dutse kowa na haki, shi kuwa gogan naka buhu biyu a kafaɗa, yana fito, yana waiwaye ko Malam na kallo. Malam Barnabas na kallo kuwa. Harira ma na kallo, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tuna da kifi da iyo, ta ci gaba da hawa abinta.

Azahar ta yi, yunwa ta fara kiran sunan kowa. Sambo, wani dogo da ba ya wasa da cikinsa, ya zaro burodi ya kai masa cizo. Ya ja, burodi ya miƙe. Ya saki, burodi ya koma yadda yake.

"Janar, wannan ai soson katifa ne!"

"Na gwaji ne," in ji Janar. "Ina auna haƙurinku. Kawo gatari in saro itace."

Sara ɗaya, kan gatari ya naɗe. Kwali ne aka shafa wa fentin azurfa.

"Itacen nan akwai iskoki," ya ce, gumi na tsattsafo masa. "A ɗora tukunya!"

Aka zuba ruwa a tukunya. Baiwar Allah, da tsofaffin jaridu da sitaci aka yi ta, sai ta yi laƙwas ta zauna, har kana iya karanta labarin wasanni a gindinta. Sambo bai jira umarni ba, ya farke buhun shinkafa. Garin katako ya zubo, shaaa.

Kowa ya juyo ya kalli Janar. Harira ta ce, "Na hannun hagu kuwa, kayan dandamali ne. Ƙarshen maganata ke nan ta jiya."

Kafin Janar ya samo wata ƙaryar, hadari ya haɗo. Ya yi wuf ya warware tanti don ya fanshi mutuncinsa, sai ga labulen bayan dandamali, an zana masa gida da bishiyar mangwaro. Duk da haka ya shige ƙarƙashinsa, wai shi ba ya shiga ledar 'yar firamare. Sauran suka duƙunƙune a ledar Harira, suna shan garin kwaki da ƙuli, suna leƙensa.

Da ruwa ya ɗauke, Janar ya fito. Fenti ya sauka a kansa tas: fuska kore, gemu ja, hular soja ruwan ɗorawa. Tausayi ya kama su, amma dariya ta riga shi.

Malam Barnabas ya share hawayen dariya, ya ce, "Sarkin Baka dai Harira ce. Za mu manna mata gemu."

Janar ya ce da 'yar ƙaramar murya, "Malam, ni fa? Na riga na gayyaci 'yan unguwarmu."

"Kada ka damu, za su gan ka tun daga farkon wasa har ƙarshe. Sarkin Baka yana da jaki. Shekara uku ina neman wanda zai hau dutse da buhun garin katako biyu yana murna, sai yau Allah ya kawo."

Sambo ya dafa kafaɗarsa. "Kuma kan jakin yana sito, Janar. Hannun hagu. Ka san wurin."