Safar Farfesa Kwalba

Kai, mutanen Tudun Sabara sun yi sa'a! A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da ƙwayar magani a kemis ta fi kwanon gero tsada, sai Allah ya jefo musu Muntaka. Shekara goma sha ɗaya ya yi a birni yana wanke kwalabe a wani ɗakin gwaje-gwaje. Da aka rage ma'aikata ya dawo gida da farar rigar likitoci, da kwalabe goma sha biyu, da takalmi sau-ciki da safa. Ya ce a riƙa kiransa Dakta. Mutanen gari kuwa ba su da rowa, sai suka ƙara masa girma: Farfesa Kwalba.

In ya tsaya a dandali yana bayani, ko akuya sai ta daina tuƙa. "Ganyen nan da kuke gani," in ji shi, "akwai sinadarin kashe bakteriya da fangas a cikinsa. Amma sai an jiƙa, an tace, an auna. Ba kirɓe-kirɓen jahilci ba!"

Mai kirɓe-kirɓen jahilcin ita ce Inna Hure. Shekara arba'in tana zaune a rumfarta ta bakin kasuwa, tana kwaɓa lalle da sabara, tana warkar da makero da ƙaiƙayin tsakanin yatsu da damina ke kawo wa manoma. Da rumfar take ci. Rumfar kuma Farfesa ya ƙyalla wa ido, ya roƙi Dagaci a ba shi ya mai da ita Cibiyar Bincike. Dagaci ya ce su zo ranar Alhamis a gani.

Ana nan damina ta kankama, Farfesa kuwa bai rabu da safa ba, don a cewarsa ƙafar masani ba ta shan iska. Sai tafiyarsa ta canza. In ya zauna, ƙafa ɗaya na goga ɗaya a ƙarƙashin benci. Ya ce tunani ne ya yi masa yawa. Wata safiya aka ga matarsa Luba ta fito daga rumfar Inna da kwano a rufe. Bayan kwana uku tunanin ya lafa.

Ranar Alhamis ƙofar Dagaci ta cika. Inna Hure ta rakuɓe gefe da lulluɓinta. Farfesa ya tuɓe takalmi ya bar safa, ya ɗaga kwalbarsa mafi girma. Wayyo! Funfuna ta yi tsiri a saman ruwan ganyen, fara sol da gashinta. Ko gezau bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, ka ga ƙarfin maganin? Fangas ne ya kawo kansa a kashe shi."

Wallahi maganar ta shiga Dagaci, don farar riga ba wasa ba ce. Har ya fara gyara murya zai yanke hukunci, sai aka kira la'asar. Don ya girmama babban baƙo, ya miƙa wa Farfesa butarsa ta kansa. "Bismillah, Dakta, kai za ka fara."

Wa ya isa ya ƙi butar Dagaci? Ba a taɓa ganin alwala mai natsuwa irin wannan ba. Ya wanke hannu a hankali, ya kurkure baki kamar ba zai gama ba, ya daɗe a kan kunnuwa. Amma dai ƙafa tana nan tana jira. Ya zare safa.

Ja wur har idon sawu, kamar ta amarya.

Sai wani ya kasa riƙe dariya, kowa ya bi. Dagaci ya dubi ƙafar, ya dubi kwalbar, ya ce, "Inna, koma rumfarki."

Tsohuwa ta miƙe, ta leƙa tsakanin yatsun da kyau. "Ya kusa warkewa, ɗan nan. Ka ƙara ƙunshi biyu. Kuma ka ce wa Luba ta dawo mini da kwanona."