Kanwa, Lemon Kwalba da Lasifika

Ba zan taɓa mantawa da ranar rufe ajinmu na yaƙi da jahilci ba. Ko na so in manta, mutanen Ƙofar Marke ba za su bari ba.

Zamanin mulkin soja ne, kuɗin mai sun shigo, kowa na sayen babur da rediyo. Ni baduku ne, furfura ta fara fito mini, da la'asar nake zuwa koyon boko wurin Malam Bulus, wani malamin firamare mazaunin Sabon Gari. Ba kaifin kai gare ni ba, naci ne kawai. Saboda nacin ya zaɓe ni in karanta jawabin godiya a gaban baƙi.

Abin da ba wanda ya sani shi ne na daɗe ina fama da wuta a ƙirji. Mai kyamis ya ce ƙwannafi ne, ya ba ni farin maganin nan mai kama da nono. Na sha kwalba bayan kwalba, na koma ƙwayoyi, ciwo ko gezau. Da ciwon ƙirji mahaifina ya rasu, don haka na yanke wa kaina hukunci: zuciya ce, tafiya ta zo. Na ƙi zuwa asibiti don kada likita ya tabbatar. Ko mai ɗakina ban gaya wa ba. (Har likkafani na taya a kasuwa, na ce na wani maƙwabci ne.)

Ranar bikin na ci tuwo na ƙoshi, na bi da goro don in kori fargaba. Tun baƙi ba su zauna ba wutar ta taso. Na zaga bayan aji na jiƙa jar kanwa, yadda kakata take yi, na shanye. Ina dawowa aka miƙo mini lemon kwalba mai sanyi, na ɗora a kai. (Duk matar da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa ta san abin da ke biyo baya. Ni ban taɓa girki ba.)

Aka kira ni. Ga hafsan soja daga ofishin gwamna a kujerar gaba, ga mai unguwa, ga lasifika an ɗaure a bishiya, ana ji har bakin kasuwa. Na fara lafiya lau: "Muna godiya ga gwamnati da ta..." Cikina ya cika kamar salka. Na danne, na sake buɗe baki, sai gyatsa ta kufce. Ba ƙarama ba. Lasifika ta ɗauka ta ƙara mata, har wani jaki da ke ɗaure a gindin katanga ya amsa.

Can daga baya Ɗanjuma mahauci, abokin zamana a aji, ya ɗaga murya: "Alhamdu lillahi! Baduku, mi kac ci ba ka kira mu ba?"

Hafsan ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Yadda na ƙarasa jawabin, Allah kaɗai ya sani.

Da aka watse Malam Bulus ya ja ni gefe. "Baba, ba dariya na zo yi ba. Tun yaushe kake dafe ƙirjin nan?" Kunya ta riga ta ƙare mini, sai na faɗa masa komai. Washegari ya goya ni a babur zuwa asibiti.

Likita ya auna ni, aka ɗauki hoto. "Zuciyarka ta fi tawa lafiya," in ji shi. "In ka ci abinci me kake yi?"

"Sai in duƙa kan fata."

"Goro fa?"

Haƙorana suka ba shi amsa.

"To, magani ba zai iya kokawa da ku biyu ba, kai da ciwon." Ya ce in rage goro da yaji, in riƙa ci kaɗan-kaɗan, kada in duƙa ko in kwanta da cikakken ciki, in kuma ɗaga kan gadona da tubali.

Ban warke sarai ba, har yanzu wutar takan leƙo. Amma na koyi cewa ciwon da ya ƙi jin magani, a kai shi ga mai dubawa tun yana magana a hankali. In ka toshe masa baki, shi zai zaɓi ranar da zai yi. A kasuwa kuwa har yau "Mai Jawabi" suke kirana, ni kuma ina amsawa da fara'a. Mai rai ake yi wa ba'a.