Wa Ya Riƙe Igiyar Baya?

Ba zan taɓa mantawa da shari'ata ta farko ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Wata uku kacal da zamana lauya aka gurfanar da Kawu Sale, mahauci a Abattoir, wanda ya rene ni tun rasuwar mahaifina. Wani sa ne ya ƙwace masa, ya banke wani mai keke har ya karya masa hannu.

Da a ce karon farko ne, da tara ce kawai. To amma ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya zaƙulo wani tsohon hukunci: shekarun baya wani sa na Kawu ya taɓa tunkuyin wata mai shago a kasuwar Kwararafa. Ya ce wannan mutum ya saba jikkata jama'a, a haɗa masa biyun a tura shi gidan yari. Na ji tsoro ƙwarai, don Kawu ya haura sittin, ga hawan jini.

Hujjata mai kyau ce, ko ni na faɗa: ganganci daban, kai wa mutum hari da niyya daban, bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba. Sati guda ina maimaita ta a gaban madubi (tsohon fayil ɗin kuwa shafin farko kawai na leƙa, don na ɗauka na fi ƙarfinsa).

Ranar zama mahauta suka cika kotu. Aka kira mai shagon, Mama Ngozi, ta ba da shaida. Na miƙe, na gyara kwat ɗina. Duk wanda ya tashi a gidan fawa ya san igiya biyu ake ja wa sa, ta ƙaho da ta ƙafar baya, kuma ta bayan ce birki. Sai na ga dama ta samu.

“Mama, a ranar wa ke riƙe da igiyar gaba?”

“Sale.”

Kawu ya yi tari. Ya sake yin tari. Ni kuwa na zaci ƙura ce.

“Madalla. To wane marar hankali ne ya saki igiyar baya?”

Ta gyara tabarau, ta dube ni sama da ƙasa.

“Ah ah, oga lauya! Ba kai ne ba? Kana yaro ka ga mai rake, ka sake igiya ka gudu. Kawunka ya roƙe ni kar in faɗa sunanka.”

Kotu ta kwashe da dariya, har mai shari'a sai da ta rufe baki da takarda. Na tuna raken, na tuna gudun san, amma wallahi ban taɓa sanin maganar ta kai kotu ba. Ashe shekara goma sha biyar Kawu na ɗauke da laifina bai taɓa ko tsegunta min ba.

Mai shari'a ta yarda cewa babu niyyar cutarwa a duka biyun. Ta ci Kawu tara, ta ce ya yi jinyar mai keke.

A waje na kasa haɗa ido da shi. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Lauya, yau dai ka riƙe igiyar. Zo in saya maka rake.”

Tun ranar nake karanta fayil har bangon baya, kuma in na ji dattijo ya yi tari sau biyu, zama nake yi.